Gwada Ayyukan Hankali da Wutar Lantarki a Tiyatar Ƙwaƙwalwa Alhali Majinyaci Yana Farke

Gabatarwa

Likitan da ya buɗe ƙoƙon kan mutum domin cire ƙari daga cikin ƙwaƙwalwa yana fuskantar matsalar da takwarorinsa masu aiki a kan hanji ko ƙashi ba su cika cin karo da irinta ba, domin naman da ke gabansa ba ya ɗauke da wata alama da za ta nuna masa inda magana take, ko inda lissafi yake, ko kuma wurin da ke ba mutum ikon gane ɓacin rai a fuskar matarsa. Matsalar ta fi tsanani a kan ƙarin da ake kira giliyoma, wato wanda ke tasowa daga ƙwayoyin da ke tallafa wa ƙwayoyin jijiya, saboda shi ba ya zama dunƙule guda mai iyaka, kutsawa yake yi cikin lafiyayyen nama har ido ya kasa rabe inda cuta ta ƙare da inda lafiya ta fara. Bincike ya nuna cewa yawan abin da aka cire daga irin wannan ƙari yana da alaƙa da tsawon rayuwar majinyaci, amma kuma wuce gona da iri da 'yan milimita kaɗan yana iya raba shi da magana ko motsi har abada.

Hanyar da likitoci suka fi amincewa da ita wajen fita daga wannan tsaka mai wuya ita ce a tashi majinyaci daga barci a tsakiyar aikin, a ba shi wani abu ya riƙa yi, sannan a taɓa sassan ƙwaƙwalwarsa ɗaya bayan ɗaya da wutar lantarki 'yar kaɗan, a ga wurin da taɓawar za ta katse masa abin da yake yi. Wannan lacca za ta bi asalin dabarar da yadda ake gudanar da ita da hujjojin amfaninta, amma abin da take son kafawa shi ne cewa wutar lantarki ba ta amsa tambayar da ba a yi mata ba, saboda haka aikin hankalin da ba a gwada ba a ɗakin tiyata shi ne wanda ba a kare ba, kuma zaɓen gwajin da za a yi zaɓe ne na irin rayuwar da majinyaci zai koma bayan ya bar asibiti.

Asalin dabarar

A shekarar 1861 likita Paul Broca na birnin Faris ya bincika ƙwaƙwalwar wani mutum da ya shafe shekaru yana fahimtar abin da ake faɗa masa amma ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya, ya kuma tarar da lahani a ƙasan sashen goshi na ɓangaren hagu, sannan a 1874 Carl Wernicke na Jamus ya bayyana wani wuri dabam da ke can baya, wanda lalacewarsa ke hana fahimtar magana. Waɗannan sun tabbatar da cewa ƙwaƙwalwa tana da rabon aiki, sai dai ilimi ne da ake samu bayan cuta ta gama ɓarna. Hanyar tambayar ƙwaƙwalwa mai rai ta buɗe ne a 1870, lokacin da Gustav Fritsch da Eduard Hitzig suka sa wutar lantarki a ɓawon ƙwaƙwalwar kare a Barlin, wato fatar sama mai launin toka inda ƙwayoyin jijiya suka taru, suka ga gaɓoɓin ɗaya ɓangaren jikin suna motsi. Gwajin farko a kan ɗan Adam bai zo da daɗi ba, domin a 1874 Roberts Bartholow na Cincinnati a Amurka ya soka allurai masu wuta a ƙwaƙwalwar wata mata da gyambo ya cinye wa ƙoƙon kai, ta kamu da jijjiga, ta rasu bayan 'yan kwanaki, kuma likitocin zamaninsa suka yi masa tofin Allah tsine, abin da ya zama darasin farko cewa wannan aiki ba ya halatta sai don amfanin majinyacin da ke kwance.

Harvey Cushing ya ba da rahoto a 1909 cewa ya taɓa ƙwaƙwalwar majinyata biyu suna farke, suka faɗa masa abin da suke ji a jikinsu, Otfrid Foerster kuma ya inganta dabarar a Breslau wajen yi wa masu farfaɗiya aiki, kuma a wurinsa Wilder Penfield ya je ya ƙaro ilimi a 1928. Penfield ya kafa cibiyar nazarin jijiyoyi ta Montreal a Kanada a 1934, inda shi da Herbert Jasper suka mai da wannan aiki tsararren tafarki: ana taɓa wuri, a lura da abin da ya faru, a ɗora 'yar takarda mai lamba a kan wurin, wani kuma yana rubuta lambar da abin da majinyaci ya yi ko ya faɗa. Daga irin waɗannan bayanai ne shi da Edwin Boldrey suka fitar da taswirar nan ta 1937 wadda ta nuna cewa hannu da leɓe da harshe sun mamaye fili mai faɗi a ɓawon ƙwaƙwalwa, alhali gangar jiki duka ɗan yanki kaɗan ta samu. Wasu ƙalilan daga majinyatansa, idan aka taɓa musu sashen da ke daura da kunne, sukan ce suna jin kiɗa ko muryoyi, ko suna ganin wani abu da ya taɓa faruwa da su.

Wanda ya sauya fahimtar likitoci game da harshe shi ne George Ojemann na Jami'ar Washington da ke Seattle, wanda a 1989 ya buga sakamakon gwajin ambaton sunayen hotuna a kan majinyata 117. Ya tarar cewa wuraren da harshe ya dogara da su ƙanana ne, galibi ba su wuce santimita ɗaya ko biyu a murabba'i ba, kuma matsayinsu yana bambanta ƙwarai daga mutum zuwa mutum, ta yadda taswirar da ke cikin littafi ba za ta iya faɗa wa likita inda harshen wannan majinyaci na musamman yake ba. Abokin aikinsa Mitchel Berger ya ɗauki dabarar daga tiyatar farfaɗiya ya kai ta ga tiyatar ƙari.

Yadda aikin ke gudana

Abin da ya sa aikin ke yiwuwa shi ne cewa naman ƙwaƙwalwa da kansa ba shi da jijiyoyin jin zafi, zafin yana zuwa ne daga fatar kai da tsokoki da kuma tantani mai kauri da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa, waɗanda duka ake iya kashe zafinsu da allura. A tsarin da aka fi bi, ana sa majinyaci barci yayin da ake yanka fata da buɗe ƙashi, a tsai da maganin barcin idan an kai ga ƙwaƙwalwa, sannan a mai da shi barci lokacin rufewa, kuma magungunan da ke saurin barin jiki, irin su firofofol, su ne suka sauƙaƙa wannan. Ana kwantar da shi ta gefe, kansa a maƙale cikin ƙarfe mai hana motsi, a ɗaga mayafan tiyata yadda fuskarsa za ta kasance a buɗe tana kallon wanda zai gwada shi, wato masanin halayyar ɗan Adam ko ƙwararre kan matsalolin magana.

Kayan taɓawar ƙaramin sanda ne mai baki biyu da ke da tazarar milimita 5 tsakaninsu, yana aika wuta sau 50 ko 60 a cikin daƙiƙa ɗaya, da ƙarfin da yawanci ke tsakanin miliyamfiya 1 zuwa 6, miliyamfiya kuwa ita ce kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. Idan aka taɓa wurin da ke sarrafa motsi, yatsa ko kusurwar baki takan motsa ba da nufin mai ita ba, amma a ayyukan hankali abin da wutar ke yi shi ne hargitsa aikin wurin na ɗan lokaci, ta yadda likita zai ga, cikin daƙiƙa huɗu da za su wuce ba tare da barin lahani ba, irin asarar da za a yi da an yanke wurin. Nan ne dabarar ta fi hoton na'urar MRI mai nuna aikin ƙwaƙwalwa, domin hoton yana nuna duk wuraren da jini ya ƙaru a cikinsu yayin wani aiki, ba ya bambanta wanda ba makawa sai da shi da wanda ke taimakawa kawai, ga shi kuma ƙwaƙwalwa takan gusa daga inda hoton ya nuna ta da zarar an buɗe kai an fara cire nama.

Gwajin da ya fi shahara yana tafiya kamar haka. Ana nuna wa majinyaci hoto a allon kwamfuta kowace daƙiƙa huɗu, a umarce shi ya fara da gajeriyar jimla kafin ya ambaci sunan abin, misali ya ce wannan doki ne, likita kuma yana ɗora sandan a daidai lokacin da hoton ya bayyana ba tare da majinyaci ya san lokacin da aka taɓa shi ba. Idan bakinsa ya tsaya cik tun daga farkon jimlar, an san cewa an taɓa wurin da ke tafiyar da furuci, idan kuwa ya ce wannan, sannan ya yi shiru yana kallon dokin yana laluben sunan, har sai da aka ɗage sandan sunan ya faɗo masa, to an san cewa wurin nemo suna ne aka taɓa. Ba a taɓa wuri ɗaya sau biyu a jere, ana kuma gwada kowane wuri sau uku, ba a ɗora masa takardar lamba sai ya haifar da kuskure aƙalla sau biyu, kuma tun kafin ranar tiyata an riga an fitar da duk hoton da majinyaci ke kuskure a kansa, don kada a ɗora wa wuta laifin da ba nata ba.

Daga magana zuwa sauran ayyukan hankali

Ci gaba mafi girma a 'yan shekarun nan ya zo ne daga Hugues Duffau, wanda ya fara aikinsa a Faris ya kuma ci gaba da shi a Montpellier ta kudancin Faransa, inda ya nace cewa dole a ci gaba da gwaji har cikin zurfin ƙwaƙwalwa yayin da ake cire ƙari. A ƙarƙashin ɓawon akwai farin nama, wanda tarin zaruruwa ne da ke sada wani yanki da wani, kuma idan yankunan ɓawo garuruwa ne, to zaruruwan su ne manyan hanyoyin da ke tsakaninsu, ta yadda mutanen garin da ya rushe za su iya komawa maƙwabta, amma idan babbar hanya ta yanke, garuruwa da yawa ne za su rabu da juna a lokaci guda. Aikin Duffau ya nuna cewa ƙarin da ke girma a hankali yakan ba ɓawon ƙwaƙwalwa damar mai da aiki zuwa wasu wurare, har an cire yankin Broca kansa, wato wurin maganar nan da Broca ya gano, a wasu majinyata ba tare da sun rasa magana na dindindin ba, alhali manyan zaruruwa ba su da irin wannan sauƙin mayewa. Kowace hanya kuma tana da irin kuskuren da take haifarwa: taɓa hanyar da ta lanƙwasa ta sama tana sa mutum ya musanya sautukan kalma, taɓa wadda ta bi ta ƙasa daga ƙeya zuwa goshi kuwa tana sa ya ga doki ya ce jaki, wato sautin lafiya lau amma ma'anar ta zame.

Da daɗewa an ɗauki ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa a matsayin wanda za a iya yi wa aiki majinyaci yana barci, tunda harshe a wurin mafi yawan mutane yana hagu, kuma wannan zato ya jawo asarar da ba a lissafa ta saboda ba a auna ta. Tun a 1928 Penfield ya cire babban sashe na goshin dama daga ƙwaƙwalwar 'yar'uwarsa saboda ƙari, ta tashi tana magana tana tafiya yadda ta saba, amma daga baya ya rubuta cewa wata rana da ya ziyarce ta, ta yi niyyar shirya abinci mai sauƙi, lokacin ci ya yi ga kayan girki nan a warwatse, ta kasa tsara abin da zai zo farko da wanda zai biyo baya. Abin da ta rasa shi ne ikon tsarawa da zartarwa, wanda gwajin ambaton suna ba zai taɓa ganowa ba.

A yau an shigar da gwaje-gwaje da dama domin toshe wannan giɓi. Akwai lalurar da ke sa mutum ya yi watsi da duk abin da ke hagunsa ko da idanunsa lafiya suke, ya ci rabin abincin da ke cikin kwano ya bar rabi, ko ya aske gefe ɗaya na gemunsa, kuma domin kauce mata ana ba majinyaci takarda mai layi a miƙe ya sa alama a tsakiyarsa. A wani bincike da Michel Thiebaut de Schotten da abokan aikinsa suka buga a mujallar Science a 2005, an ga alamar tana karkata zuwa dama a duk lokacin da aka taɓa wata hanya da ke sada tsakiyar kai da goshi a ɓangaren dama. Domin kare ikon karanta zuciyar mutane, Guillaume Herbet da Duffau sun yi amfani da gwajin da Simon Baron-Cohen na Jami'ar Cambridge ya ƙirƙira, inda ake nuna hoton idanun mutum kawai a tambayi majinyaci halin da mai idanun yake ciki. Ana gwada lissafi da karatu da rubutu idan ƙarin yana kusa da wuraren da suka shafe su, ana kuma sa majinyaci ya riƙa motsa hannu yana ambaton hotuna a lokaci guda domin a auna ikon raba hankali gida biyu, wanda direba da malamin aji ba sa iya aiki sai da shi. A watan Janairun 2020, a asibitin King's College da ke Landan, wata mata ta riƙa kaɗa gogenta na Turawa yayin da ake cire mata ƙari daga goshin dama, domin a kare lallausan motsin yatsunta na hagu.

Hujjojin amfani da iyakokin dabarar

A 2008 Nader Sanai da Berger da abokin aikinsu sun ba da rahoto a kan majinyata 250 masu giliyoma da aka yi wa taswirar harshe, inda bayan wata shida mutum 4 kacal daga cikin 243 da ke raye suke da sauran matsalar magana, wato kashi 1.6 cikin ɗari. A 2012 Philip De Witt Hamer da abokan aikinsa sun haɗa rahotanni 90 da suka ƙunshi majinyata 8,091, suka tarar cewa mummunan lahani mai ɗorewa ya sami kashi 3.4 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa taswira, a kan kashi 8.2 na waɗanda ba a yi wa ba, kuma an cire duk ƙarin da hoto ke nunawa a kashi 75 cikin ɗari na rukunin farko, a kan kashi 58 na rukuni na biyu. Ma'anar wannan ita ce sanin iyaka yana ba likita ƙarfin gwiwar matsawa har bakinta, maimakon ya tsaya nesa saboda tsoro.

Duk da haka dabarar tana da haɗari da iyaka. Wutar tana iya tayar da jijjigar farfaɗiya, wadda galibi ake kashewa nan take ta hanyar zuba ruwan gishiri mai sanyi a kan ƙwaƙwalwa. Ƙaramin yaro, da wanda tsoro ya yi wa yawa, da wanda cutar ta riga ta lalata wa magana sosai, ba su dace da ita ba. Babbar iyakar kuwa ita ce gajiya, domin majinyacin da ya shafe awa ɗaya ko biyu yana amsa tambayoyi da kai a buɗe yakan fara kuskuren da ba wuta ce ta jawo shi ba, don haka ba zai yiwu a gwada komai ba, dole a zaɓa. Bugu da ƙari, duk aikin da aka yanke shawarar karewa yana iya tilasta barin wani yanki na ƙari a wurin, abin da ke nufin cewa ana auna ingancin rayuwa da tsawonta a ma'auni ɗaya, kuma ba likita ne kaɗai ke da hakkin riƙe wannan ma'auni ba. Ɗan kasuwa zai iya yarda da ɗan rauni a yatsa muddin lissafinsa ya tsira, tela ko mai kiɗa kuwa zai zaɓi akasin haka.

Harshe da al'adar majinyaci

Tun a 1978 Ojemann da Harry Whitaker suka nuna cewa a ƙwaƙwalwar mai harsuna biyu akwai wuraren da harsunan suka yi tarayya da kuma waɗanda kowanne ya keɓanta da su, don haka wajibi ne a gwada kowane harshe da majinyaci ke rayuwa da shi. Wannan batu ya shafi al'ummar Hausawa kai tsaye, domin mutum ɗaya yakan yi Hausa a gida, ya yi Ingilishi ko Faransanci a ofis, ya kuma yi karatu da ibada da Larabci, kuma likitan da ya gwada harshen ofis kaɗai yana iya tsare shi ya salwantar da na gida. Hotunan da aka tsara a Turai suna ɗauke da abubuwan da mutumin karkarar Afirka bai saba gani ba, kuma a harshe irin Hausa, inda karin sauti da tsawon wasali ke bambanta ma'ana, mai gwajin da ba ya jin harshen ba zai kama kuskuren ba ko da an yi shi a gabansa. An riga an fara tiyatar ƙwaƙwalwa a farke a Afirka ta Yamma, inda Mark Bernstein na Toronto yake cikin waɗanda suka koyar da ita a Gana da Nijeriya, kuma abin da zai cika amfaninta shi ne a samar da gwaje-gwajen da aka tsara aka kuma auna a kan masu harsunan yankin, aikin da ke buƙatar masana harshe su zauna da likitoci.

Kammalawa

Tarihin wannan fanni, daga motsin ƙafar kare a 1870 zuwa gwajin karanta idanu a yau, tarihi ne na faɗaɗa abin da likitoci suka yarda cewa ya cancanci karewa, kuma kowane faɗaɗawa ya zo ne bayan an lura da majinyatan da aka rubuta cewa sun warke alhali sun kasa komawa aikinsu ko zama lafiya da iyalinsu. Saboda haka aikin yana farawa ne tun a zaman da ake yi da majinyaci kwanaki kafin tiyata, inda za a tambaye shi sana'arsa da harsunansa da abin da ba zai jure rasawa ba, a bayyana masa farashin kowane zaɓi da gaskiya, sannan a tsara gwajin da ya dace da amsarsa. Asibitin da ke son shiga wannan fanni yana buƙatar horar da mai gwaji kamar yadda yake horar da likitan tiyata da mai ba da maganin barci, ya kuma riƙa auna majinyatansa bayan watanni da tambayar ko sun koma sana'a da rayuwar da suka bari, domin da wannan ma'aunin ne kaɗai za a san ko an yi wa ƙwaƙwalwar tambayoyin da suka kamata.